Likitan Annoba da Aikin da Ake Yi Kafin Cuta ta Ɓarke: Darasi daga Hukumar NCDC a Abuja

 



Maudu'in wannan lacca shi ne aikin likitan annoba, wato likitan da ya ƙware wajen bin diddigin yadda cututtuka masu yaɗuwa suke bazuwa cikin al'umma da kuma shirya yadda za a daƙile su. Za a ɗauki rayuwar aikin Dakta Chikwe Ihekweazu a matsayin misali, domin shi ne ya shugabanci Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCDC, a hedikwatarta da ke unguwar Jabi a nan Abuja, daga 2016 zuwa 2021. Abin da laccar take son tabbatarwa abu ɗaya ne: ana sanin ƙimar likitan annoba ne ta abin da ya gina a lokacin da gari yake lafiya, domin idan cuta ta riga ta ɓarke, da abin da aka tanada tun farko kaɗai ake iya yaƙarta. Bayanin zai zo cikin batutuwa shida.

Batu na ɗaya: Wane ne majinyacin likitan annoba?

Likitan asibiti yana zaune ne mara lafiya ya zo ya same shi, ya duba shi, ya rubuta masa magani, ya kira na gaba. Shi kuwa likitan annoba, majinyacinsa unguwa ce ko gari ko ƙasa baki ɗaya, kuma tambayoyinsa na farko uku ne: su wane ne suke kamuwa, a ina suke, kuma yaushe ciwon ya fara musu. Kafin ya amsa su, dole ne ya kafa abin da ake kira ma'aunin tantance mai cuta, wato taƙaitaccen bayanin alamomin da idan aka gan su a jikin mutum za a ƙirga shi cikin waɗanda ake zargin sun kamu, domin jami'in da ke Kwali da wanda ke Bwari su riƙa ƙirga abu iri ɗaya. Daga nan sai a buɗe jerin masu cuta, inda kowane layi yake ɗauke da mutum ɗaya da shekarunsa da mazauninsa da ranar da ciwon ya soma da yadda ya ƙare. Daga wannan jeri ake fitar da adadin mace-mace cikin waɗanda suka kamu, a zana taswirar wuraren da cutar ta fi taruwa, a kuma gane ko tana hauhawa ko ta fara sauka.

Me ya sa ake ba wa ƙirga irin wannan muhimmanci, alhali mutane suna mutuwa? Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa amsa. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, da farfaɗiya da fita hayyaci, alamomin da suke iya kama da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da aka bi diddigin shekarun yaran da gidajensu da sana'ar iyayensu, aka kuma gwada jininsu, sai ta bayyana cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. Wannan ba cuta mai yaɗuwa ba ce, amma hanyar da aka bi aka gano ta ita ce hanyar likitan annoba, kuma da an tsaya ga duba kowane yaro shi kaɗai da an daɗe ana ba da maganin da bai dace ba.

Batu na biyu: Yadda ake zama likitan annoba

Dakta Ihekweazu ya tashi a Nsukka, mahaifinsa likita ɗan Najeriya, mahaifiyarsa Bajamushiya malamar jami'a, kuma a Jami'ar Najeriya ya yi karatun likitanci. Bayan haka ya tafi Jamus ya yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Jami'ar Heinrich Heine da ke Düsseldorf, ya kuma yi aiki a Cibiyar Robert Koch da ke Berlin, wadda ita ce cibiyar sa ido kan cututtuka ta ƙasar Jamus. Daga nan ya shiga shirin Tarayyar Turai na horar da masu bin diddigin annoba a fagen aiki, wanda ya kai shi Birtaniya, inda ya yi shekaru a hukumar kare lafiyar jama'a ta ƙasar har ya kai matsayin ƙwararren likita mai ba da shawara. A 2011 ya koma Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ya zama ɗaya daga cikin shugabannin sashen tarin fuka a cibiyar cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar. A watan Agusta na 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi ya jagoranci NCDC.

Abin lura a wannan tafiya shi ne cewa cibiyoyi uku da ya yi aiki a cikinsu, a Jamus da Birtaniya da Afirka ta Kudu, duk iri ɗaya ne: hukumomin gwamnati masu tattara rahoton cututtuka kullum, masu ɗakunan gwaje-gwaje nasu, masu ma'aikatan dindindin da ba sai an yi annoba ake neman su ba. Saboda haka abin da ya dawo da shi gida ya wuce ilimin cututtuka. Ya dawo da sanin yadda irin wannan hukuma take aiki daga ciki.

A nan ya dace a ɗan tsaya domin ɗaliban da ke cikin wannan zaure, kada su ɗauka sai an ƙetare teku ake samun wannan horo. Tun 2008 Najeriya take da nata shirin horar da masu bin diddigin annoba a fagen aiki, na shekara biyu, wanda yake karɓar likitocin mutane da likitocin dabbobi da masana gwaje-gwaje, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, kuma mafi yawan karatun a ƙauyuka da ma'aikatun lafiya na jihohi ake yin sa. Haka nan ba a kan Dakta Ihekweazu aka fara wannan aiki a ƙasar nan ba. Marigayi Farfesa Umaru Shehu ya shafe rayuwarsa yana koyar da lafiyar al'umma, Farfesa Idris Mohammed ya jagoranci yaƙi da sanƙarau na 1996, Farfesa Abdulsalami Nasidi kuma shi ne ya riƙe NCDC tun kafuwarta a 2011 har zuwa 2016.

Batu na uku: Annoba biyu, sakamako biyu

Domin a gane abin da sabon shugaban ya tarar, ya kamata a kwatanta annoba biyu da suka auku kusa da juna. Ta farko ita ce Ebola. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar, kuma likitar da ta duba shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Nan da nan aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Legas, wato ɗaki guda da dukkan masu ruwa da tsaki suke zama ƙarƙashin jagora ɗaya, aka ɗora Dakta Faisal Shuaib a kanta. Ebola tana iya ɓuya a jiki har kwana 21 kafin alamominta su fito, don haka aka bi sawun mutum 894 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana zuwa gidajensu kullum ana auna zafin jikinsu, har ziyarce-ziyarcen suka kai kimanin 18,500. A ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Daga ina aka samo ma'aikata da tsari cikin 'yan kwanaki? An aro su ne daga yaƙi da shan inna, wanda tun 2012 yake da cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, da kuma ɗalibai da tsofaffin ɗaliban shirin horon da aka ambata. Wato nasarar Legas ta tsaya ne a kan tanadin da aka yi domin wata cuta dabam.

Ta biyu ita ce sanƙarau nau'in C. Cutar ta fara ne a Zamfara a watan Disamba na 2016, amma sai tsakiyar Fabrairu 2017 rahotonta ya iso NCDC, daga baya kuma ta kama hanyar Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Zuwa watan Yuni an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 sun rasu, wato kusan 8 cikin kowane 100. Dalilan wannan asara sanannu ne. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta karya lagon nau'in A ne kawai, ba ta kare mutum daga nau'in C. Tabbatar da nau'in ƙwayar cutar yana buƙatar a ɗebi ruwan ƙashin baya a kai shi ɗakin gwaji cikin hanzari, kuma ƙasa da ɗaya cikin goma na marasa lafiyan aka yi wa hakan. Rumbun allurar rigakafi na duniya kuma ba ya sakin allura sai an gabatar da shaidar gwaji, ga shi allurar kanta ta yi ƙaranci a shekarar. Kowane jinkiri ya haifi wani jinkirin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a Zamfara ranar tafiyar aka fara neman wuƙa.

Batu na huɗu: Ginin da ba a gani a labarai

Abubuwa huɗu hukumar ta mayar da hankali a kansu bayan wannan darasi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake jan hankalin 'yan jarida. Na farko shi ne ɗakin gwaji. A 2017 Babban Ɗakin Gwaje-gwaje na Ƙasa da ke Gaduwa a nan Abuja ya fara aiki, aka kuma tsara yadda za a riƙa ɗauko samfur daga jihohi a kawo shi ba tare da ya lalace a hanya ba. Amfaninsa ya bayyana da wuri, domin a watan Satumba na shekarar ƙyandar biri ta ɓulla a Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a gan ta a Najeriya ba, cutar shawara ta ɓulla a Kwara, sannan a farkon 2018 zazzaɓin Lassa ya yi ɓarkewar da ba a taɓa rubuta irinta ba zuwa lokacin.

Na biyu shi ne rahoto. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda aikinsa ne ya tattara rahoto daga asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani ya tura wa jiha, jiha ta tura Abuja. Muddin takarda ce take wannan tafiya, makonni suna salwanta. Saboda haka aka faɗaɗa amfani da manhajar SORMAS, wadda masana Najeriya da na Jamus suka ƙirƙira bayan Ebola, inda jami'i yake shigar da bayani ta waya ko ƙaramar kwamfuta, jiha da Abuja su gani a lokaci guda.

Na uku shi ne cibiyoyin ayyukan gaggawa a jihohi, domin a tsarin mulkin Najeriya gwamnatin tarayya ba ta da ikon gudanar da asibitocin jiha, kuma kwamishinan lafiya ne yake da alhakin farko idan cuta ta ɓarke a jiharsa. Na huɗu, wanda ya ɗaure sauran, shi ne doka. Hukumar ta yi shekara bakwai tana aiki ba tare da dokar da ta kafa ta ba, sai a watan Nuwamba na 2018 Shugaba Buhari ya sanya hannu a kan dokar, Dakta Ihekweazu ya zama babban daraktanta na farko. Wani zai iya tambaya, ina ruwan likita da zaman jira a ƙofar kwamitocin Majalisar Tarayya? Amsar ita ce hukumar da ba ta da doka ba ta da tabbacin kasafin kuɗi, ba ta iya ɗaukar ma'aikata yadda ya kamata, kuma sauyin minista ɗaya yana iya shafe ta.

Batu na biyar: Jarrabawar korona

A watan Fabrairu na 2020 Dakta Ihekweazu yana cikin tawagar masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura China domin nazarin sabuwar cutar korona, kuma ranar 27 ga watan aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Daga 30 ga Maris aka hana zirga-zirga a Abuja da Legas da Ogun, bisa dokar killace masu cuta ta 1926 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, abin da ya nuna cewa gyaran dokoki bai kammala ba. An kafa kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, Dakta Sani Aliyu, ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa, yana matsayin mai tsara ayyukansa. Ɗakunan gwajin farko da suka iya gano korona su ne waɗanda aka tanada domin Lassa da makamantanta, kuma daga 'yan ƙalilan aka faɗaɗa su har kowace jiha ta samu.

Adalci yana buƙatar a faɗi inda tanadin ya gaza. A watan Afrilu na 2020 mazauna Kano suka ga ana yawan jana'izar dattawa, masu haƙa kabari su ne suka fara ba da lissafi, a daidai lokacin da gwaji ya tsaya cik a jihar na wasu kwanaki. Da yake ana binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan bisa koyarwar Musulunci, kuma yawancin mace-mace a gida suke faruwa ba tare da rajista ba, tawagar da Dakta Nasir Sani Gwarzo ya jagoranta ta yi amfani da binciken baka, wato zama da iyalan mamaci a tambaye su alamomin da ya nuna kafin rasuwarsa. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an bincika mace-mace 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Ƙasar da ba ta rubuta mutuwar 'ya'yanta tana iya kwana cikin annoba ba ta sani ba, kuma babu manhajar da za ta cike wannan giɓi.

Batu na shida: Yardar jama'a

Akwai tanadi ɗaya da ba a saye da kuɗi, shi ne yardar mutane. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma a tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, lamarin da ya kai ga shari'a ta shekaru kan batun izinin iyaye. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, aka dakatar da allurar shan inna a Kano har zuwa Yuli 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Shin iyayen da suka rufe ƙofa jahilci ne kaɗai ya sa su? Duk wanda ya san tarihin 1996 ba zai yi gaggawar yanke wannan hukunci ba.

Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, da mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida, har aka kai ga 25 ga Agusta 2020, ranar da aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Malaman da ke wannan zaure sun fi kowa sanin cewa killacewa ba baƙuwa ba ce a Musulunci, domin hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Likitan da ya san wannan, ya kuma san sunan mai unguwa tun kafin ranar buƙata, aikinsa ya yi sauƙi.

A ƙarshen 2021 Dakta Ihekweazu ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya ya jagoranci sabuwar cibiyarta ta tattara bayanan annoba a Berlin, Dakta Ifedayo Adetifa ya gaje shi, daga baya Dakta Jide Idris ya karɓa a 2024. Cututtukan kuwa ba su tafi hutu ba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a faɗin ƙasar, har da Birnin Tarayya, daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta, cutar da allurar yara ta yau da kullum take hanawa. A ɗaya ɓangaren, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare mutum daga nau'o'in sanƙarau biyar, ciki har da nau'in C da ya yi ɓarna a Zamfara.

Ga mazauna Abuja darasin yana kusa. Dubban mutane suna shigowa birnin kowace safiya daga Mararaba da Suleja da Zuba, da yawa suna zaune a unguwanni masu cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta, kuma kasancewar hedikwatar NCDC a Jabi ba ta kare kowa idan ɗakin shan magani na Kuje ko Abaji bai aika rahoto a kan lokaci ba. Saboda haka abin da ake nema daga masu mulki shi ne kasafin sa ido kan cututtuka da ake saki kowace shekara, da ruwan sha, da rajistar haihuwa da mutuwa. Daga iyayen ƙasa da malamai, sanar da jami'in lafiya da zarar an ga ciwo ko mutuwar da ba a saba gani ba. Daga ɗalibai kuma, wasunsu su zaɓi wannan fanni suna sane da cewa mafi yawan kwanakinsa na ƙirga ne da horarwa da rubuta rahoto.

Allah Ya kare ƙasa daga annoba, Ya jiƙan ma'aikatan lafiyar da suka rasu a bakin aiki.